RAM, SSD ko HDD: Ina Ya Fi Dacewa Kwamfuta Ta Tara Maka Shirin Tauraron Ɗan'adam Idan Ka Tsayar da Shi?

Duk wanda ya haɗa dish ɗinsa da kwamfuta, ko ta katin DVB-S2 da ake sokawa a cikin kwamfutar tebur ko ta ɗan akwatin nan mai igiyar USB, abin da ya fi saurin shiga ransa shi ne ikon tsayar da shiri yana cikin gudana. Ana tsakiyar ƙwallo aka kira Magariba, sai ka danna tsayawa, ka je ka yi sallah, ka dawo ka ɗora daga inda ka bari. Manhajoji irin su ProgDVB, DVBViewer da Tvheadend suna kiran wannan Timeshift a cikin saitinsu. Amma tashar ba ta tsaya ba. Hoto da sauti suna ci gaba da zubowa daga sama, kwamfutar ce ke tara maka su a wani wuri har ka dawo. Wurin kuwa ɗayan huɗu ne: cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta, ko kan SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, ko kan faifai mai juyawa wato HDD, ko kuma a yanki wani ɓangare na RAM a mai da shi tamkar faifai.

Abin da ya sa na ga ya kamata a baje wannan magana shi ne yadda mutane ke kashe kuɗi a inda ba nan matsalar take ba. Mutum zai ga bayan ya tsayar da shiri na kwata guda hoton ya fara tsalle, ko manhajar ta rufe kanta, sai ya nufi kasuwa ya sayo ƙarin RAM. Ya dawo ya saka, matsala tana nan daram. Wani kuma an tsoratar da shi cewa SSD zai mutu cikin watanni idan ana yawan rubutu a kansa, don haka ya matse kansa a ajiyar minti goma alhali yana da fili mai yawa a kwance.

Fara da lissafi

Abin da ke saukowa daga tauraro a matse yake, kuma a matsen kwamfuta ke ajiye shi, cikin ƙananan ƙunshi masu bait 188 kowanne. Sai lokacin nunawa ake warware shi. Da a ce warwararren ake tarawa, hoton HD kaɗai zai ci kusan megabait 78 a kowace daƙiƙa, babu RAM ɗin da zai jure. To amma ko a matsen, nauyin ya bambanta daga tasha zuwa tasha.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowane megabit 1 a daƙiƙa yana zama megabait 450 a awa guda (megabit daban, megabait daban: megabit 8 ne ke yin megabait 1). Tashar SD, wato mai hoto na gama-gari, da ke tafiya a kan megabit 4 za ta ci gigabait 1.8 a awa. Tashar HD mai megabit 10 za ta ci gigabait 4.5. Ta UHD, wadda hotonta ya fi na HD tsabta, idan ta kai megabit 25, ta haura gigabait 11 ke nan. Idan ka juya lissafin, gigabait 1 na ajiya zai riƙe maka kusan minti 33 na waccan tashar SD, minti 13 na HD, minti 5 da 'yan daƙiƙu na UHD. Wanda kuma ya saita manhajarsa ta tara dukan transfonda, wato duk tashoshin da ke kan mita ɗaya, ya shiga wani babi daban: tsohon tsarin DVB-S mai lamba 27500 da FEC 3/4 a saitin mita yana ɗauke da kusan megabit 38, wato sama da gigabait 17 a awa.

Kada ka dogara da waɗannan alkaluma kawai, domin kowace tasha da nata nauyin, kuma nauyin yana hawa da sauka. Malami yana zaune yana tafsiri, bango bai motsa ba, hoton ba ya cin komai sosai. 'Yan wasa na gudu, kyamara na bin ƙwallo, ciyawa da 'yan kallo duk suna motsi, sai nauyin ya tashi. Hanya mafi tabbas ita ce ka naɗi minti 10 na tashar da ka fi kallo a lokacin shirin da ka fi so, ka duba girman fayil ɗin, ka ninka sau 6. Abin da ya ba ka shi ne cinta na awa guda.

Sai tambaya ta biyu, wadda ita ce ke yanke hukunci: tazarar minti nawa kake bukata? Ma'ajiyar tana aiki ne kamar tankin ruwa mai bututun shiga a sama da famfo a ƙasa. Idan ka rufe famfo ruwa ya taru, idan ka buɗe ya ci gaba da fita daidai da yadda yake shiga, abin da ya taru yana nan bai ragu ba. Ma'ana, wanda ya tsayar da shiri na minti 15 zai ci gaba da kasancewa minti 15 a bayan tasha har ƙarshe, sai fa in ya tsallake talla ko hutun rabin lokaci. Idan Isha'i ta zo ya sake tsayarwa, tazarar ta zama minti 30. Ba tsawon shirin ne ke cika ma'ajiya ba, tazarar ce, haɗe da yawan abin da kake so ka iya komawa baya ka sake gani. Mai son ya iya komawa farkon wasa a kowane lokaci, shi ne ke bukatar wajen awa 2, wato gigabait 9 a waccan tashar HD.

RAM: sauri babu ƙara, amma da katanga

Amfanin RAM a fili yake. Ba ya ƙara, ba ya gajiya da rubutu, kuma gaba da baya nan take suke. Sai dai wannan saurin ya wuce bukata nesa ba kusa ba: tashar megabit 10 tana rubuta megabait 1.25 ne kacal a daƙiƙa, abin da ko tsohon faifai zai yi ba tare da ya ji ba. Don haka ba sauri ne dalilin zaɓar RAM ba. Dalilin kawai shi ne kare faifai daga rubutu, ko rashin faifan kirki.

Matsalarsa kuwa katanga ce har hawa uku, kuma mutane sun fi ganin ta farko kawai.

Ta farko ita ce yawan RAM ɗin kansa. Kwamfutar hannu ta gwanjo mai gigabait 4, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, kafin ka buɗe komai tsarin ya cinye kaso mai tsoka. In ba ta da katin hoto na daban, ɓangaren hoto ma daga nan yake ɗiba. Ka ƙara da burauza a buɗe, abin da ya rage kaɗan ne. Idan ka tilasta wa manhajar kallo ta kama gigabait 2 a irin wannan kwamfuta, Windows ba zai ce maka a'a ba. Zai fara kwashe wasu abubuwa daga RAM yana jibgewa a faifai, yana ɗebowa, yana mayarwa. A nan ne hoto ke sarƙewa, sauti ya yanke, linzami ya yi nauyi. Ka gudu daga rubutu a faifai, ka faɗa cikin rubutu mafi muni, wanda ba shi da tsari. A Linux kuma idan abin ya kai maƙura, tsarin yakan kashe manhajar da ta fi cin wuri, wadda sau da yawa ita ce ta kallon.

Ta biyu ita ce Windows mai bit 32. Shi ba ya amfani da abin da ya wuce gigabait 4, kuma ko a cikin huɗun nan uku da ɗoriya ne ke zuwa hannu, saura na'urorin cikin kwamfutar sun riƙe adireshinsa. Ka saka gigabait 8 a irin wannan, fiye da rabi yana kwance a banza.

Ta uku ita ce ta fi ɓoyuwa, kuma ita ce ke sa a yi asarar kuɗi. Kwamfutarka na iya zama mai gigabait 16, Windows ɗinka mai bit 64, amma manhajar kallon kanta mai bit 32 ce. Irin wannan manhaja gigabait 2 ne iyakarta a bisa al'ada, sai in masu ita sun yi mata wata alama ta musamman, wadda ke ba ta damar kaiwa 4 a Windows mai bit 64. Kuma a cikin biyun nan ne komai nata yake zaune: jikin manhajar, masu warware hoto, jerin tashoshi, jadawalin shirye-shirye. Abin da ya rage wa ma'ajiya bai kai biyu ba, sannan idan tana neman fili guda a dunƙule, tana iya samun ƙasa da haka saboda filin ya rarrabu. Shi ya sa za ka rubuta 2000 a gurbin girman ma'ajiya, manhajar ta ƙi karɓa ko ta faɗi. Ƙarin RAM ba ya taɓa wannan katanga ko kaɗan.

Dubawa ba ta da wuya. Buɗe Task Manager, wato tagar Windows da ke nuna manhajojin da ke gudana, yayin da manhajar ke aiki. Idan mai bit 32 ce za ka ga an rubuta a gefen sunanta. Ko ka duba inda ta sauka: idan tana cikin jakar Program Files mai x86 a ƙarshen sunanta, to yawanci mai 32 ce. ProgDVB, alal misali, yana da iri biyu, na 32 da na 64, kuma wani lokaci mutum yakan tsaya a na 32 don wani ƙarin kaya da yake amfani da shi ba ya aiki a ɗayan. Wannan zaɓi ne mai hujja, amma a san abin da aka sadaukar.

A ganina RAM kai tsaye ya dace ne da mutum ɗaya: mai gigabait 8 ko fiye, mai manhajar bit 64, wanda tsayawarsa ba ta wuce ta sallah ko amsa sallama a ƙofa ba. Ya ware gigabait 2, ya samu kusan minti 26 na HD ko sama da awa guda na SD, shi ke nan.

SSD da tsoron da aka cusa wa mutane

Gaskiya ne ƙwayoyin SSD suna da iyakar yawan rubutun da za su ɗauka. Kamfanoni ma suna bayyana wannan da lambar da suke kira TBW, wato terabait nawa suka lamunce a rubuta. Samsung 860 EVO mai gigabait 500 an ba shi 300, mai gigabait 250 kuma 150. To mu auna. Wanda ke kallon tashar megabit 10 na awa 6 kullum, ma'ajiya na aiki duk tsawon lokacin, yana rubuta gigabait 27 a rana, kusan terabait 10 a shekara. A kan faifai mai lamunin 300, wannan shekara 30 ke nan. Kwamfutar za ta tsufa, a daina yayinta, faifan bai kai rabin lamuninsa ba.

Inda tsoron yake da tushe shi ne wurin mai tara dukan transfonda dare da rana. Gigabait 17 a awa, sau 24, ya haura gigabait 400 a rana, kusan terabait 150 a shekara. Wannan kam cikin shekara 2 zai cinye lamunin. Haka ma gidan da na'ura guda ke raba tashoshi ga mutane da yawa, kowa da tasa ma'ajiyar, sai a ninka lissafin da yawansu. Amma mutum nawa ne ke cikin wannan hali? Mafi yawanmu tasha ɗaya muke kallo a lokaci guda, da yamma zuwa dare.

Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna jimillar abin da aka rubuta a yawancin SSD. Ka duba yau, ka sake dubawa bayan wata guda, ka ga cin da kallonka ke yi da idonka.

Abin da SSD ke ba ka shi ne ka manta da duk katangun nan uku. Manhajar bit 32 tana rubuta fayil mai gigabait 20 a faifai ba tare da wata damuwa ba, domin ɗan abin da take aiki da shi a lokacin ne kawai ke zama a RAM. Kwamfuta mai gigabait 4 ma za ta numfasa. Hattara ɗaya ce: ka sa wa ma'ajiyar iyaka. Idan ka bar ta a buɗe a faifan da Windows ke zaune, ka yi barci tasha na kunne, da safe za ka tarar faifan ya cika maƙil, kuma Windows ba ya son haka. Gigabait 15 zuwa 20 sun wadatar da fiye da awa 3 na HD. Wannan shi ne zaɓin da nake ba yawancin mutane shawara a kai, ba tare da wani kokwanto ba.

HDD har yanzu yana da wurinsa

Faifai mai juyawa ba ya ƙirga rubutu irin na SSD, kuma fili a kansa ya fi arha. Ga mai tara transfonda, ko mai son ajiyar yini guda, shi ne gida. Rauninsa shi ne allura ɗaya ke aikin biyu: tana rubuta abin da ke shigowa a wani wuri, tana karanta abin da kake kallo a wani. Tasha ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Amma idan a kan faifan nan Windows yake, ga sabuntawa na sauka, ga manhajar tsaro na bincike, sai hoto ya fara cijewa. Maganin shi ne a ba ma'ajiya faifai na biyu, nata ita kaɗai.

Na waje mai USB kuma yana da halaye biyu da ya kamata a sani. Yakan yi barci idan an jima ba a taɓa shi ba, tashinsa na ɗaukar 'yan daƙiƙu. Sannan a duba tsarin da aka tsara shi da shi. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4 cif, don haka tashar megabit 10 za ta ci karo da bango kafin awa guda ta cika, wajen minti na 57, sai in manhajar ta iya yanka fayil gida-gida. Idan ajiyarka kullum tana mutuwa a daidai girma ɗaya, ga faifai da sauran fili, fara zargin wannan. NTFS, exFAT da ext4 ba su da wannan matsala.

Hanyar tsakiya

Ga wanda ke da RAM mai yawa amma manhajarsa ta bit 32 ce, akwai mafita mai kyau. A Windows mai bit 64, manhaja irin ImDisk tana yanke wani kaso na RAM ta ba shi harafi kamar kowane faifai. Sai ka nuna wa manhajar kallo can a matsayin wurin ajiye fayil ɗin Timeshift. Ita a wurinta faifai take rubutawa, don haka iyakar gigabait 2 ba ta shafe ta ba. Mai gigabait 16 zai iya ware 6, ya samu minti 80 na HD, ya bar wa tsarin 10. A tsara shi da NTFS, kuma a sa iyakar ma'ajiya ta ɗan gaza girman yankin. A Linux abin a gina yake: tmpfs, wanda in ba ka faɗi girma ba yakan tsaya a rabin RAM.

Amma ka lura da kyau kada jakar naɗin dindindin ta koma can. Abin da ke wannan faifai yana ɓacewa da zarar an kashe kwamfuta.

Wannan ya kawo mu maganar wuta, wadda a wurinmu ba ƙaramar magana ba ce. Kwamfutar tebur marar UPS, wato akwatin batir mai riƙe wuta, da an ɗauke wuta duk abin da ke RAM ya tafi. Abin da ke faifai kuwa yana iya tsira, kuma irin wannan fayil ko ya yanke a tsakiya manhajar kallon bidiyo ta VLC na iya buɗe shi. Sai dai ka kwafe shi kafin ka sake kunna manhajar kallo, domin wasu suna share tsohuwar ajiya ko su rubuta a kanta. Mai kwamfutar hannu yana da sauƙi. Akwatin USB ɗin yawanci yana da nasa abin sokawa a bango, don shi ke tura wa LNB, wato na'urar karɓar sigina da ke kan dish, wutar bolt 13 ko 18, saboda haka sigina zai ɗauke tare da wutar. Amma batir ya riƙe kwamfutar, tazarar da ka tara tana nan, za ka iya ci gaba da kallonta yayin da ake tayar da janareta. Abin da aka watsa a lokacin da sigina ya ɗauke dai ya wuce. Haka yake idan hadari ya taso ruwa ya danne sigina: ma'ajiya ba ta gyara hoto, abin da ya shigo a farfashe haka za ta adana shi. Ba kamar kallon intanet ba ne, inda ake sake neman abin da ya ɓace.

Ƙananan na'urori

Masu amfani da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi da Tvheadend su ne lissafinsu ya juya. Tsarin nasu a kan katin memori yake zaune, kuma katin memori, kamar filash na aljihu, ba a yi shi don rubutu ba dare ba rana ba. Ba shi da juriyar SSD, kuma idan ya lalace da tsarin gaba ɗaya yake tafiya. A nan kare katin ya zama dole. Tvheadend yana ba ka damar ƙayyade yawan RAM da ma'ajiya za ta ci, ka ce a tsaya a RAM kaɗai, har ma ka zaɓi a riƙa yanke mafi tsufa idan ta cika maimakon ajiyar ta tsaya. A Pi 3 mai gigabait 1, 'yan mintuna ne kawai za ka samu na HD. A Pi 4 mai gigabait 4 ko 8 akwai sarari, muddin tsarin da ke kai mai bit 64 ne in kana son wuce 'yan gigabait kaɗan. Idan hakan bai ishe ka ba, ƙaramin SSD a cikin akwatin USB, a soka shi a ramin USB 3 mai launin shuɗi, a nuna wa Tvheadend can.

Ko wanne ka zaɓa, ka gwada abu biyu tun kafin ranar babban wasa. Ka tsayar da tasha ka bar ta har ma'ajiyar ta cika, ka ga me manhajarka ke yi: wata takan ci gaba da nunawa da kanta, wata ta cinye farkon abin da ka tara, wata ta daina tarawa. Sannan ka canza tasha ka dawo, domin yawancinsu suna zubar da ajiyar da zarar ka bar tashar. Idan shirin na ajiyewa ne, kamar tafsirin da kake so iyali su gani gobe, danna naɗi tun farko ka tura shi faifai.